Ba Zan Shiga Ƙarƙashin Ƙugiya Ba

'Yan'uwa, ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu, Mai Cetonmu. Fasto ya ce in taƙaita, amma ya san tsoho ya ba dama, sai ku yi haƙuri da ni.

Sunana Iliya. Tsofaffin unguwar Banikanni sun fi sanina da Iliya Mai Palan. Daga wajen Dogon Dutsi na sauko Paraku ina saurayi, 'yan shekaru bayan Turawa sun sauke tutarsu, lokacin ƙasar nan tana amsa sunan Dahome. Abin da Ubangiji ya fisshe ni daga ciki ba giya ba ce, ba caca ba ce. Tsoro ne. Wani zai ce tsoro ma har ciwo ne? To, ni ya kwantar da ni fiye da yadda zazzaɓi ya taɓa yi.

A can Gar, wato tashar jirgin ƙasa inda jirgin Kwatano ke ƙarewa, akwai wani babban atiliye, wato ƙatuwar rumfar aiki, inda ake sauke manyan kaya daga tarago a ɗora wa motocin da za su hau arewa. Abin da ke ɗaga kayan shi muke ce wa pon rulan. Gada ce ta ƙarfe can sama daf da rufi, tana tafiya a kan dogo daga wannan bango zuwa wancan, da ƙugiya a rataye jikin igiyar waya. Aikina shi ne in hau can in duba lafiyarta: birki, igiya, ƙafafun da take tafiya a kansu, da palan ɗin da ke naɗe igiyar. Waɗanda suka kafa ta sun koma ƙasarsu, kayan gyara kuwa sai an yi ta jira daga bakin teku. Don haka da hannu da kunne muke yawancin aikin.

Ina son aikin nan, ba na ɓoyewa. In na zauna can sama ƙafafuna suna lilo, mutane a ƙasa sun koma ƙanana, sai in ji duk ƙasar Borgu babu kamata.

Shef ɗinmu, wato shugabanmu a wurin aiki, wani dattijo ne ɗan ƙasar nan, Baba Woru. Mutum ne mai gaskiya, ba ya cin haƙƙin kowa. Amma yana da wata doka da ya gada wurin wanda ya koya masa aiki. Duk wanda ya gyara birki ko ya sauya igiya, in an zo ɗaga kayan farko na gwaji, shi zai shiga ƙarƙashin kayan ya tsaya, a tsayar da su a sama bisa kansa. Hujjar Baba ita ce, wanda ya san kansa ne zai kasance a ƙasa ba zai bar noti ko ɗaya a sake ba. Kuma tsakani da Allah, dokar ta sa muna aiki da kula. Ba a rubuta ta ko'ina ba, ban ma tsammanin manyan ofis sun san da ita, amma a atiliyen nan ita ce alƙali.

Ni kuwa abin nema ya samu. In layi ya zo kaina, da gyaɗa a aljihu nake shiga, ina ɓarewa ina ci, ƙarfe na lilo a kaina. In na koma gida in ce wa matata Saratu ai mai bangaskiya bai san tsoro ba. Ita kuwa ba ta taɓa raga mini ba. Ta kan ce, "Baban Rahila, wannan ba bangaskiya ba ce, neman suna ne." Ni kuma in ce ta ji da tukunyarta.

Babban abokina a wurin shi ne Sabi. Sa'ana ne, kwano ɗaya muke ci da rana. Kullum yana zolayata wai Bahaushe bai iya cin sakwara ba, taunawa yake yi kamar nama, ni kuma ina ce masa ranar da ya ɗanɗani fura ta gaske zai sauya ƙabila.

Wata safiya Sabi ya gyara birki, ya shiga ƙarƙashi kamar yadda aka saba. Ni ina can kan gada ina sauraren kukan palan. Wani injin niƙa aka ɗaga, a cikin akwatinsa na katako. Birkin Sabi ya riƙe, ko motsi bai yi ba. Abin da ya ci amana sarƙar da aka ɗaure akwatin da ita ce, wadda shi ko taɓa ta bai yi ba. Ido ɗaya na sarƙar ya buɗe. Na ga akwatin ya karkace, na ga Sabi ya ɗaga kai ya yi tsalle. Jikinsa ya fita, ƙafar hagu ba ta fita ba.

Daga sama na ga komai, babu abin da ya kare mini. Har yau ban san yadda na sauko ba. A asibiti suka yanke ƙafar daga gwiwa.

Da aka koma aiki na ɗauki jakar kayana na nufi tsani kamar kullum. Ina ɗora ƙafa sai duniya ta juya. Gumi ya keto mini, hannuna ya ƙanƙame ƙarfen tsanin ya ƙi sakewa. Na ce wa mutane cikina ne ya murɗa. Washegari ma haka. Na je asibiti, likita ya ƙwanƙwasa ƙirji, ya leƙa ido, ya ce lafiyata lau.

Abin bai tsaya a Gar ba, ya biyo ni gida. Na daina zama ƙarƙashin mangwaron tsakar gidanmu, don ina ganin reshe zai karye. In zan shiga ɗaki sai na ɗaga kai na duba ƙofa. A cikin majami'ar nan tamu, lokacin tana ta ƙasa da rufin kwano, na tashi daga bencin gaba na koma bakin ƙofa. Fasto na wa'azi, ni ina kallon katakon rufi, ina tunanin wane ne gara ta ci. Zuwa gaishe da Sabi ma na kasa. Sai in kama hanyar Kpebiye inda yake zaune, in na hango unguwarsu in juyo.

Wanda ke ɓoye ciwo kuwa fushi ke fita a madadinsa. Yara suka koma in sun ji tafiyata sai su nutsu. Saratu ta tambaye ni har ta gaji. Na ji kunya ƙwarai, 'yan'uwa. Mutumin da ya cika gari da baki cewa mai bangaskiya bai san tsoro ba, da wane bakin zai ce tsani ya gagare shi?

Addu'a kam na yi ta. Amma guda ɗaya ce kullum: Ubangiji, ka mai da ni yadda nake dā. Shiru.

Baba Woru ba yaro ba ne, ya ga abin da ya gani, amma bai tona ni ba. Ya kira ni gefe ya ce in je in huta, wurina yana nan har lokacin da za a fara jigilar gyaɗa da auduga. In lokacin ya zo ban iya hawa ba, dole ya ba wani, don gada ba ta jiran mutum. Na san gaskiya ya faɗa. Wannan sana'ar kaɗai na iya, da ita nake ciyar da gidana, kuma ga shi tana shirin kuɓuce mini.

Sai na tafi garin Jugu. Akwai wani Alhaji Mamman a can, jikan fataken goro, wanda motocinsa ke ɗaukar kaya a Gar, mun saba. Yana da garejin gyaran motocinsa, da wani palan na sarƙa a rataye jikin ƙarafa uku, da shi ake ciro inji daga mota. Aikin ƙasa ne, babu hawa. Ya karɓe ni hannu biyu, ya ba ni ɗaki a zaurensa, ya kuma ce ranar Lahadi tawa ce, kada wanda ya neme ni.

Alhaji mutum ne mai ido. Ya lura in inji yana rataye sai in yi dogon zagaye, in kuwa ya kira ni inuwar ɗorawa sai in tsuguna a bakin inuwar, rabina a rana. Wata rana wani makanike ya zura kai ƙarƙashin injin da ke lilo zai kwance wani abu. Na daka masa tsawar da ta sa har masu talla a titi suka waiwayo.

Da la'asar Alhaji ya sa aka shimfiɗa tabarma a fili inda babu komai a sama, ya ce in zauna. Bai yi mini tambaya mai yawa ba, ni na fashe. Na gaya masa komai, har da dokar Baba Woru da gyaɗar aljihuna. Abin da ban gaya wa matata ba, ban gaya wa fastona ba, shi ya fara ji. Bai yi dariya ba. Ya ɓara goro ya miƙo mini rabi, ya ce:

"Malam Iliya, kakana madugu ne, daga Kano har Gwanja ya bi da jakuna. Mahaifina ya ce bai taɓa shigar da ayari rafi ba sai ya sa an zura gora an auna. Kuma duk ayarin babu wanda ya kai shi ibada. Ku dai can Gar kun zuba dogara ga Allah da gwada Allah a kwano ɗaya, kuna ci kuna santi."

Na ji haushi, ba zan yi muku ƙarya ba. Na ce a raina, ni da na zo neman magani, ga shi ana yi mini wa'azi. Na yi masa godiya a daƙile na tashi. Amma maganar ta ƙi barina.

Ranar Lahadi na je wata 'yar majami'a da ke bayan kasuwa, na zauna bakin ƙofa kamar yadda na saba. Aka tashi, kowa ya watse, rana ta take, ni ina nan zaune. Sai na tuna yadda Shaiɗan ya kai Ubangijinmu can ƙololuwar Haikali ya ce ya faɗo, ai mala'iku za su tare shi, shi kuwa ya ƙi. Labarin da na sani tun ina yaro, amma ban taɓa ganin kaina a ciki ba. Shi da yake da ikon komai bai yi tsalle don a tafa masa ba. Ni Iliya, ɗan ƙasa, ina tsayawa ƙarƙashin ƙarfe ina cin gyaɗa, ina kiran abin bangaskiya.

Na rarrafa na shiga ciki har tsakiya, na durƙusa, ban ɗaga kai na dubi rufi ba. Na yi kuka irin wanda rabona da shi tun mutuwar uwata. Na ce, "Ya Yesu, na daina roƙonka ka mai da ni yadda nake dā, don wancan mutumin ba shi da hankali. Ga tsorona nan, kai ka san shi. Tsoron da ya ɗaure mini ƙafa ka ɗauke. In akwai tsoron da ka aiko don ya kiyaye ran wani, ka bar mini shi."

Ban ga haske ba, ban ji murya ba. Abin da na sani shi ne na daɗe a wurin, kuma da na tashi ƙirjina ya yi sauƙi, har na ji yunwa. Na daɗe ban ji yunwa ba.

Warakar ba rana ɗaya ta zo ba. Na fara da hawa bayan motar Alhaji in an yi lodi. Daga nan na hau rufin gareji na gyara kwanon da iska ta ɗage. Gabana na faɗuwa, amma ƙafa tana tafiya. Alhaji ya hango ni daga ƙasa ya ce wa yaransa su zo su ga ikon Allah, kadangare ya tuna bango.

Ana nan sai ga Saratu ta biyo motar Paraku ta zo. Ta ce Baba Woru ya aiko, jigila ta kusa, birkin pon rulan yana zamewa, in zan dawo to yanzu ne. A zauren Alhaji na gaya mata abin da na ɓoye mata tun farko. Ta dube ni ta ce ai ta sani tun ranar da na ɗauke kujerata daga gindin mangwaro, jira kawai take in faɗa da bakina.

Da muka iso Paraku ban fara da Gar ba, Kpebiye na nufa. Na sami Sabi a ƙofar gida yana gyaran fitilu da risho, sandarsa a jingine. Na yi zaton zai yi mini gorin rashin zuwa. Sai ya ce Bahaushe ya rame, da ganin alama Jugu ma ba su koya masa cin sakwara ba. Muka yi dariya har na yi hawaye. Da na gaya masa halin da na shiga, ya ajiye fitilar hannunsa ya ce:

"Iliya, duk ranar da na shiga ƙarƙashin ƙugiyar nan cikina ruwa yake yi. Ba ni kaɗai ba, kowa haka ne. Babu dai wanda ya yarda ya zama na farkon faɗa."

Da wannan maganar na shiga atiliye. Na kama tsani na kira sunan Yesu, na hau. Jiri ya zo, ya ɗan tsaya, ya wuce. Na isa kan gada na zauna har numfashina ya daidaita, sa'an nan na buɗe birki. Mai ne ya tsiyayo daga palan ya jiƙa fatar birkin, shi ya sa take zamewa. Na toshe inda yake yoyo, na wanke, na sauya fata, na ɗaure. Na naɗe tsumma a hannu na bi igiyar waya daga sama har ƙasa, don in akwai silin da ya tsinke tsumman zai kama. Na sauko na duba bakin ƙugiya ko ya buɗe. Sarƙoƙin ɗaure kaya kuwa, waɗanda dā ba na ko kallonsu don ba aikina ba ne, na shimfiɗa su a ƙasa na bi su ido bayan ido, na ware waɗanda ban yarda da su ba.

Aka kawo kayan gwaji, aka ɗaure. Ma'aikata suka taru, suka buɗe mini hanya. Wani har yana tambaya ko na zo da gyaɗa. Baba Woru ya nuna mini wurin da hannu.

Na ce, "Baba, na gyara, kuma na yarda da gyarana. Amma ba zan shiga ba."

Ya ce, "Tsoro kake ji?"

Na ce, "I, Baba. Tsoro nake ji."

'Yan'uwa, wannan kalmar ita ce ta fi hawan tsani wuya, kuma tana fita na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Na ce masa birkin Sabi ma ya riƙe, amma ƙafarsa tana ina? Na ce a ƙara wa kayan nauyi fiye da wanda aka saba, a ɗaga su taki ɗaya daga ƙasa, a tsayar, in sa alama da alli, kowa ya tsaya nesa mu gani ko za su zame. In sun riƙe a ƙara sama. Na ce ƙarfe ake gwadawa, mutum ba shi da abin yi a ƙarƙashi.

Baba ya ce shi wanda bai tsaya ba, ba ya karɓar aikinsa, haka ya gada. Na ce to, na gode da riƙon da ya yi mini. Na sunkuya na fara tattara kayan aikina a jaka, ina tunanin abin da zan je in ce wa Saratu da yara.

Sai na ɗago na dubi Baba. Yana tsaye yana kallon daɓen wurin, inda aka yi facin siminti bayan akwatin nan ya fasa shi. Ya daɗe yana kallo. Sa'an nan ya cire hularsa, ya wurga ta kusa da kayan, ya ce in an ɗaga a tura ta ƙarƙashi da sanda. Ya juya wajen direban gada ya ce, "Ga kaina nan. Ɗaga yadda Iliya ya ce."

Aka ɗaga, birki ya riƙe, kaya ba su motsa daga alamar alli ba. Babu abin da ya faɗo. Nan take wasu suka fara cewa to da ka shiga me zai same ka? Gaskiya ne kuwa, ranar nan babu abin da zai same ni. Da farar ƙasa na ja layi a daɓe inda mutane za su riƙa tsayawa, sai suka laƙa mini Iliya Bayan Layi. Sunan ya bi ni shekaru, yana kuma yi mini ciwo, don ni mutum ne mai son a yabe shi.

Amma Baba Woru bai sake nuna wa kowa ƙarƙashin ƙugiya ba har ya bar aiki. Bai taɓa cewa na yi daidai ba, ni ma ban nema ba. Sarƙa ta sake tsinkewa a atiliyen nan bayan haka, igiya ma ta taɓa zamewa, don ƙarfe ƙarfe ne. Kaya suka fashe, aka share, kowa ya koma gida wurin iyalinsa. Waɗanda suka yi mini dariyar nan mun tsufa tare, wasunsu ina haɗuwa da su a kasuwa da jikokinsu, kowa a kan ƙafafunsa biyu.

Har na ajiye aiki, duk lokacin da na ga kaya a rataye gabana sai ya faɗi. Ban sake roƙon a cire mini wannan ba.

Na gode wa Yesu da ya kwance mini ƙafa ya mai da ni kan sana'ata. Na gode masa da bai amsa addu'ata ta farko ba. Na gode masa saboda Saratu, da Sabi, da Alhaji Mamman wanda ya gaya mini gaskiya ran da ba na son jinta.

In akwai wani a nan da ke ɗauke da tsoro yana rufe shi da fushi ko da cika baki, ɗan'uwana, 'yar'uwata, na san nauyinsa. Kada ka jira sai ya kore ka daga gidanka kamar yadda ya kore ni. Ka faɗa wa Ubangiji da sunansa, ka faɗa wa wani mai riƙon amana, ka dogara gare shi ya zaɓa maka abin da zai ɗauke da abin da zai bari. Ya san aikinsa. Yabo ya tabbata ga sunansa. Amin.